Ragar da Na Hana Yaya Ya Saka a Jirginsa

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo mota gyaran wuta garejinmu na Gwarzo, kafin ya faɗi abin da ke damun motarsa sai ya ce, "Ɗanlami, yaya Gana? An ce har jirgi ka shiga." Ni kuma in ba su labarin dokunu da barkono, a yi dariya a watse. Na gaji da wannan rabin labarin. Ga shi nan cikakke, wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni haka. Ba tafiyar daɗi na yi ba, jirgi kuma ban shiga ba.

Wana Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, a Kabo yake zaune, sana'arsa aikin faiba. Ga wanda bai sani ba, faiba wani yadi ne na zaren gilashi da ake shimfiɗawa a shafe da ruwan gam, in ya bushe ya yi tauri, ga shi ba nauyi. Da shi Yaya yake yin tankunan ruwa, ya liƙe bambar mota, ya gyara wa masunta kwale-kwale. Shekara tara ke nan da ya samo zanen wani ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a hannun wani tsohon malamin makarantar fasaha, ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa ya shiga ƙerawa. Burinsa jirgin ya riƙa yi wa manoma feshi da damina. Mutanen Kabo sun yi masa dariya har sun gaji, suka koma kiransa Sabi'u Jirgi, shi ma ya koma amsawa. Ni ne mai riwaya, wato gyaran wutar mota, a gidanmu, don haka duk wata waya da ke jikin jirgin nan hannuna ne ya ja ta.

Jirgin ya kammalu, amma mai shi ya ƙare. Ƙurar faiba da ya shekara ashirin yana shaƙa ta cinye masa ƙirji, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta sau biyu. Abin da ya rage masa a rai guda ɗaya ne, ya ga abin nan ya bar ƙasa da idonsa, ko da tsayin katanga ne.

Wani tsohon matuƙi ɗan Kano, wanda kowa ke kira Kyaftin, ya zo ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasawa. Ya ce aikin ya burge shi, amma shi jirgin ƙarfe ya sani. Ba zai hau ba sai wanda ya san jirgin faiba ya duba ya rubuto takarda, sannan a nemi izinin hukuma a yi gwaji. Yana da aboki a Gana mai ƙaramin wurin haɗa irin waɗannan jirage. In aka kai masa zanen, da hotunan kowane mataki na aikin, da guntun da aka rage daga fiffike, zai iya cewa wani abu. Yaya ba zai iya doguwar hanya ba, sai ni. Ranar da zan tashi ya naɗe guntun fiffiken a tsohon bargo ya ɗaure da kansa.

"Ɗanlami, kada ka bari a zauna a kai."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Na san ka da barci a mota. Kuma duk abin da mutumin nan ya faɗa, ka kawo min shi yadda yake. Kada ka yi min kwaskwarima."

Daga Gwarzo zuwa Kano ba labari. A Kano na shiga doguwar motar Legas, kuma kafin mu kai Zariya an zauna a kan guntun fiffiken. Wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, mace mai jiki, ta ga ƙunshi a gefen kujera ta ɗauka matashi ne ta jingina abinta. Da na farka na gani, ihun da na yi sai da direba ya rage gudu. Na warware bargon, na tarar ko tsagewa bai yi ba. Hajiya ta ce, "Kai malam, a kan wannan ɓawon ƙwaryar kake neman tara min jama'a?" Na ce mata fiffiken jirgin sama ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah Ya ba ni lafiya, ta miƙo min dabino uku. Har muka isa Legas tana lallaɓa ni da magana mai taushi irin wadda ake yi wa mai taɓin hankali. Amma ita ce ta nuna min inda ake shiga motar Gana, ta kuma ce in raba takarduna gida biyu, in daina buɗe baki ina kallon gadoji. Allah Ya saka mata.

Iyaka uku ake ƙetarewa kafin a shiga Gana, kowacce sai an sauka an bi layi da kaya a hannu. A ta farko wani jami'i ya ɗaga guntun nan, ya ji ba nauyi, ya ƙwanƙwasa ya ji fanko, sai ya kira abokin aikinsa. Fiffiken faiba ɓawo biyu ne da farin soso mai tauri a tsakani, kuma na yarda duk wanda aikinsa neman abin da aka ɓoye ne dole ya tsargu da farin abu a cikin ɓawo. Suka kawo tsinken ƙarfe suka soka, suka ƙanƙaro soson suka shinshina, ɗaya har ya ɗanɗana ya tofar. Ni ina tsaye ina bayani da Turancina na gareji, su suna amsa min da Faransanci, direba yana danna ham. Da na buɗe musu hoton jirgin a waya suka taru a kai, suka kira na ciki ma su zo su gani. Wani dattijo a cikinsu ya tambaya da hannu ko yana tashi. Na ce saura kaɗan. Ya buga min hatimi ya dafa kafaɗata, na koma mota ina jin kaina kamar wani babba.

Kwatano da Lome ta taga na gan su. Abin da na riƙe kawai mata a kan babura, da zani da ɗankwali, suna ratsa motoci ba ko gezau. Amma da muka shiga Gana wani abu ya tsaya min a rai. Duk mararraba sai ka ga ƙaton allo da hoton mutum yana murmushi, na ɗauka 'yan takara ne. Wanda ke kusa da ni ya ce a'a, matattu ne, sanarwar jana'iza ce. Wai gawa takan yi wata biyu a sanyi ana shirin biki, a ɗinka anko, a yi kiɗa. Mu da in mutum ya cika da hantsi kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Na yi ta kallon fuskokin nan suna wucewa, tarin Yaya yana dawo min a kunne, har na rufe labulen tagar.

Abokin Kyaftin ya sa a sauke ni a zango, wato unguwar Hausawa, gidan wani Malam Isaka, wanda 'yarsa Ramatu ke aiki a wurin jiragen. Kakan Malam Isaka daga wajen Katsina ya zo fataucin goro, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da na ce masa daga Gwarzo nake, sai ya tambaye ni ko har yanzu ana tafiya Kano a kan jaki. Na fara jero masa gaisuwa irin tamu, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya aka ji da jama'a, ya amsa biyu ya tsaya yana kallona yana jiran in faɗi abin da ya faru. Gaisuwarsu gajera ce, amma karamcinsu ba shi da gajarta. Ɗakinsa ya bar min, ya koma zaure.

A nan aka kawo min dokunun da nake ba ku labari. Ƙullun masara ne mai tsami da aka dafa a cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Ban san ana ɓare shi ba, na gatsa har da ɓawon, matan gida suka shige ɗaki da gudu don kada in ga dariyarsu. Yajin kuma ya sa na yi hawayen da ban yi ba ranar da ƙofar mota ta datse min yatsa. Da safe aka ba ni shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi ta yi ja, shi ne na ci na ƙoshi. Agogonsu yana bayan namu da awa guda, ba wanda ya gaya min, na shirya tsaf na zauna a ƙofar gida ina ta ƙunƙuni wai mutanen nan ba su da cika alkawari, alhali ni ne na yi sammako.

Wurin jiragen yana bayan gari, doguwar rumfa ce a bakin wani fili mai ciyawa. Abin da ya fara kashe min jiki tsabta. Ƙasa a share kamar ɗakin amarya, yadin faiba a naɗe cikin leda, gam ana auna shi a sikeli. Duk mai goge faiba fuskarsa a rufe take da wani abin toshe hanci mai gwangwani biyu, ga bututu yana zuƙe ƙurar. Na tuna Yaya da tsohon hankicin da yake ɗaurawa, wani lokaci ma in zafi ya dame shi ya cire ya ajiye. Jiragen duka farare ne. Ramatu ta ce ba ado ba ne, duhun fenti yana jan zafin rana, gam ya yi laushi. Wannan dai mun tsallake, namu ma fari ne, ko da yake don farin fenti ne kawai Yaya ya samu.

Mai wurin wani dattijo ne siriri mai furfura, suna ce masa Injiniya. Ba ya jin Hausa, Ramatu ce ke fassara. Ya karɓi guntun fiffiken ya juya, ya ɗora a sikeli, ya ƙwanƙwasa shi da kwabo tun daga wannan baki har wancan yana saurare. Ya ɗauko tabarau mai ƙara girma ya duba bakin yankan. Sannan ya yi magana mai tsawo.

Ramatu ta ce, "Ya ce wa ya koya wa wanka wannan aiki?"

"Ba kowa. Tankin ruwa yake yi."

"Ya ce babu kumfar iska ko ɗaya, gam bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Ya ce da wanka zai zo nan, gobe zai ba shi aiki."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ce a raina takarda ta samu. Muka zauna ya buɗe zanen a tebur, ni ina nuna masa hotuna a waya ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Har muka zo hoton ranar da aka rufe fiffike. Ya tsaya. Ya ja hoton ya ƙara girma, ya koma kan zanen ya ɗora yatsa a kan wasu ɗige-ɗige da ke bin fiffiken daga tushe har ƙarshe.

"Ya ce ina ragar?"

Na san ragar da yake nufi.

Shekara biyar da suka wuce, da za a fara fukafukai, Yaya ya nuna min wurin nan a zane. An ce a shimfiɗa siririyar ragar tagulla a ƙarƙashin fenti, sannan a ɗaure kowane ƙarfe da ke cikin fiffike da kitsattsiyar jar waya, murfin tankin mai, da bututun mai, da sandar da ke motsa bakin fiffike, duka a haɗe su da inji. Yaya har ya sa wani ɗan kasuwa ya taho masa da ragar daga waje. Ni na hana. Ƙanin mahaifinmu tsawa ce ta kashe shi a gona a Sabon Birni, da fartanya a kafaɗarsa. Tun muna yara in hadari ya taso ake ce mana a yar da fartanya, Inna ta kife kwanuka ta rufe madubi. Kowa a ƙasarmu ya san ƙarfe ke kiran tsawa. A sana'ata kuma in kana so ka tsare wuta salatif kake naɗawa, don wuta ba ta bin roba. Na ce, "Yaya, Allah Ya ba ka jirgin da jikinsa duk roba ne, tsawa ba ta da abin kamawa, sai kuma ka lulluɓe shi da tagulla ka shiga cikin hadari? Wanda ya yi zanen nan ƙasarsu ba a tsawa irin tamu." Ya ce ni na san wuta. Wayoyin da ya riga ya ɗaura guda uku ni na sa filaya na cire su. Ragar kuma matarsa ta samu, tana tagar kicin ɗinta tana tare ƙuda.

Duk wannan na faɗa wa Ramatu, ta fassara. Ina jira dattijon ya yi dariya ko ya yi faɗa, bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya ɗauko wasu faifan faiba biyu daga kan kanta. Ya ce a wurin da ya yi karatu ake harba musu wuta mai ƙarfin tsawa don gwaji. Na farko yana da raga, fentinsa ne kawai ya babbake kamar faɗin tafin hannu. Na biyu babu raga. Rami ne a tsakiyarsa, ɓawon ya rabu biyu, zaren ya tashi buzu-buzu.

Ya yi bayani a hankali, Ramatu tana bi. Tsawa ba ta tambaya ko kai roba ne. Abin da ya ratso sama gaba ɗaya ba ɓawon faiba ne zai tare shi ba. In ta sami jirgin ƙarfe sai ta bi ta fatarsa ta fice ta wutsiya, na ciki su ji ƙara kawai. In ta sami faiba ba ta da hanya a waje, sai ta huda ta shiga neman ƙarfen da ke ciki, ta yi tsalle daga wannan zuwa wancan, zafin ya fasa fiffiken. Ragar hanya ce ake shimfiɗa mata don ta wuce ta waje.

Na ce, "To ai sai a guje wa hadari. Ba za a tashi ba sai sama ta yi garau."

Ya ce haka ne, akwai ƙananan jirage da yawa da ba su da raga, gudun gajimare kawai suke yi, ko da yake mu da damina muke son aiki. Amma wayoyin da na cire su ne babbar magana. Ya ɗauki biro ya goga a gashin kansa ya ɗaga 'yar takarda da shi, irin wasan da muke yi a firamare. Ya ce haka fetur yake tara wuta in yana gudu a cikin roba, haka jikin faiba yake tarawa in iska mai ƙura tana gogarsa. In ƙarafan a haɗe suke, wutar ta bi waya ta baje. In kowanne zaman kansa yake, wata rana sai ta yi tartsatsi tsakanin murfin tanki da bakin jarka, ko a cikin fiffike inda tururin mai yake. Wannan ba ya bukatar hadari, yana iya faruwa da rana tsaka a bakin rumfa.

Ya miƙo min mitar gwada waya, irin wadda nake riƙewa kullum, ya kai ni wurin wani jirgi da suka kusa gamawa. Na ɗora tsinke ɗaya a murfin tanki, ɗaya a jikin inji, mita ta yi ƙara. Na gwada sandar fiffike, ta yi ƙara. Duk inda na taɓa sai ta amsa. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, ban taɓa jin ƙarar mita ta dame ni ba sai ranar, don na san a Kabo shiru za ta yi.

Na tambaya ko ana iya gyarawa. Ya ce gangar jikin ana iya bi a ɗaura wayoyi, don hannu yana shiga. Fukafukai kuwa an rufe su ruf da tankin a ciki, kuma a irin wannan ƙira ɓawon ne ke ɗaukar nauyi. In aka tsaga shi daga tushe har ƙarshe, shi ba zai sa hannu a ce mutum ya hau ba. Sai dai sababbi. Fukafukan nan shekara huɗu Yaya ya yi a kansu, lokacin yana da numfashi.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa, amma na ce cikakken labari zan bayar. Na roƙe shi. Na ce wa Ramatu ta gaya masa wana ba shi da lafiya, ba feshi muke so ba yanzu, sau ɗaya kawai jirgin zai ɗaga ya sauka. Ya rubuta cewa aikin faiba ya yi kyau, ai gaskiya ne, ya yi shiru a kan sauran. Ramatu ba ta fassara ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Ɗanlami, matuƙin da zai hau, shi ba shi da 'yan'uwa ne?" Dattijon ya ga fuskokinmu ya gane ba sai an gaya masa ba. Ya zauna ya rubuta takarda shafi biyu, yabon aikin a sama, abin da ya hana a ƙasa. Ya yanko min guntun raga da kitsattsiyar waya don mu ga samfuri, ya raka ni har bakin titi.

A ranar Yaya ya kira ni sau huɗu. Na ɗauka a na huɗun na ce layi ba kyau, sai na dawo. Malam Isaka ya ga na kasa cin abinci, bai tambaye ni komai ba, ya dai sa aka dama min koko ya zauna kusa da ni har na shanye.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Iyakokin nan uku na wuce su ba wanda ya kula ni, don na bar guntun fiffiken a can. Kwana biyu a mota ina tsara ƙarya. In ce gam ɗin ne ba mai kyau ba. In ce mutumin baƙin ciki yake yi mana. In ce takardar ta ɓace a hanya. Kowacce na juya ta sai in ga ko ta kai Kyaftin cikin jirgin, ko ta ɗora wa Yaya laifin da ba nasa ba. Da na iso Gwarzo kwana biyu na yi a gida ban buɗe gareji ba, na ce wa iyalina duk wanda ya zo a ce zazzaɓin hanya ya kama ni. A rana ta uku matar Yaya ta bugo ta ce tun jiya yake zaune a ƙofar rumfa yana kallon hanya. Na hau babur na tafi Kabo.

Na same shi a kan tabarma ya jingina da buhu. Ya rame fiye da yadda na bar shi, kwana goma sha ɗaya kacal. Muka gaisa, na ja gaisuwar iya ja, na tambayi kowa har da awaki. Ya bar ni na gama.

"Ɗanlami, da alheri ne da tun a waya ka faɗa. Karanta min."

Na karanta masa ina fassarawa. Da na zo wurin yabo ya ce in maimaita, na maimaita. Sannan na ajiye takardar na faɗi sauran da bakina, ragar, da wayoyi ukun da na cire, da faifan nan mai rami, da mita. Na ce, "Yaya, aikinka ba shi da aibu. Ni na kashe jirgin nan."

Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya lafa. Ya goge baki ya ce, "Da Kyaftin ya hau fa?"

"Wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila kuma tun wurin zuba mai."

"To alhamdu lillahi da ba mu ɗauki ran mutum ba."

Ya karɓi guntun ragar yana murzawa a yatsunsa. Ya tambaya ko sababbin fukafukai za su yi sauri tunda yanzu an san hanya. Na ce wataƙila shekara uku, in na rufe gareji rabin mako ina zuwa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ni da kai mun san ba ni da uku."

Na ce ya zage ni, ko ya mare ni, ya yi min wani abu dai. Ya ce, "Kai ka faɗa, ni na yarda. Zanen a hannuna yake." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na sunkuyar da kai na yi kuka a gabansa kamar ba ni da 'ya'ya biyar.

Da na natsu ya ce in kira maƙwabta a cire kwanon gaban rumfar. Na ce me za a yi? Ya ce, "Kafin ka kwance fukafukan ina so a fito da shi fili. Rumfar nan ta yi ƙunci, kullum hancina a jikinsa yake. Shekara tara ban taɓa ganinsa gaba ɗaya ba."

Mu shida muka ɓalle kwanon muka turo shi waje, bakin fiffike na dama ya kusa taɓa katanga. Muka tsayar da shi a tsakiyar fegin da ke bayan gidan. Yaya ya tashi ya ƙi a riƙe shi, ya yi ta ja da baya yana tsayawa yana maida numfashi, har ya kai gindin wata kuka ya dafa ta. Rana tana dukan farin fentin. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe yana da kyau," ya ce.

Sannan ya ɗago min hannu. "Ɗauko sifana, Ɗanlami. Fara da na hagu."